Burin Iyaye da Zamanin 'Ya'ya

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin faɗakarwa na yau zai yi nazari ne a kan burin da iyaye suke ƙullawa game da makomar 'ya'yansu, inda burin yake samo tushe, yadda yake sauya kama daga zamani zuwa zamani, da kuma kason da ya rataya a wuyan iyayen kansu tun kafin a zo ga tambayar abin da yaro ya yi ko ya kasa yi.

A ƙasar Hausa fatan iyaye yana fara fitowa fili ne a rana ta bakwai da haihuwa, lokacin da aka taru da sassafe a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, jama'a suka shiga yi wa uban jariri addu'a cewa Allah ya raya, Allah ya yi masa albarka, Allah ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Wanda ya saurari waɗannan addu'o'i da kyau zai lura cewa babu muƙami ko sana'a a cikinsu, domin abin da ake roƙo shi ne rayuwa da albarka, ita kuwa albarka a fahimtar Bahaushe ita ce ɗa ya tashi da mutunci, abin hannunsa ya amfane shi ya amfani wasu, kuma iyayensa su rabu da shi suna masu yarda da shi. Wannan fata yana da gindi a addini, tunda hadisi ya lissafa ɗa na gari mai yi wa iyaye addu'a a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma shi ne ɓangaren burin iyaye da bai sauya ba tun kaka da kakanni. Ɓangaren da yake sauyawa shi ne na biyu, wato amsar tambayar da me yaron zai ci abinci idan ya girma, kuma a nan ne gizo yake saƙar, saboda uba yakan auna wannan amsa da ma'aunin zamanin da shi ya tashi a ciki, alhali ɗansa zai shiga neman abinci ne bayan shekara 20 ko fiye, a cikin kasuwar da uban bai taɓa gani ba.

Kafin zuwan Turawa, har ma da daɗewa bayan zuwansu, amsar tana da sauƙi, domin kyan ɗa ya gaji ubansa. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami, ɗan mahauci yana tashi a mahauta, ɗan marini kuma a bakin karofi irin na Ƙofar Mata da ke Kano, kowace sana'a da sarkinta da ladubbanta da gidajen da aka san ta da su. A karkara tsarin gandu ne yake riƙe da komai, wato tsarin da 'ya'ya maza, har da masu aure, suke noma gonar ubansu tare, shi kuma ya ɗauki nauyin cinsu da harajinsu da aurensu, ya yanka wa kowa gayauna, ƙaramar gonar da zai noma don biyan buƙatar kansa. Masaniyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta wallafa shi a 1972, ta bayyana yadda wannan tsari yake aiki da yadda yake wargajewa idan uba ya talauce ko ya rasu. Tsarin gado yana da aibinsa, domin ya taushe baiwar yara da yawa da ba a halicce su don sana'ar gidansu ba, ya kuma sa an riƙa raina wasu gidaje saboda abin da suka gada. Amma yana da wata daraja da ya kamata a tsaya a kanta: wanda ya yi burin shi ne yake koyarwa, kuma kayan aikin suna cikin gidansa. Yaron maƙera yana fara zama ne a bayan zuga-zugi yana hura wuta, daga nan a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sai ƙarfinsa ya kawo a miƙa masa masaba ya fara dukan ƙarfe a kan uwar maƙera, kuma duk wannan yana faruwa ne a gaban idon ubansa, wanda ya san ranar da hannun yaron ya faɗa da ranar da bai faɗa ba. Buri da hanyar cika shi suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Hanya ta biyu da iyaye suka daɗe suna yi wa 'ya'yansu sha'awa ita ce ta karatun Alƙur'ani a tsangaya, inda yaro yake farawa yana kolo, ya zama titibiri, ya kai gardi, idan Allah ya nufa ya haddace ya rubuta a kira shi alaramma, kuma tafiya gabas, wato ƙasar Barno, ita ce alamar neman ƙwarewa. Uban da ya miƙa ɗansa ga malami a wancan zamani ya san malamin, ya san cewa akwai gonar da almajirai za su noma da damina, akwai gidajen da suka ɗauki ciyar da almajiri a matsayin aikin lada, akwai zakka da kyautar sarakuna. Burin yana nan har gobe, kuma buri ne mai girma, sai dai ginshiƙan da suke riƙe da shi sun raunana, ta yadda yau ake iya ganin yaro ɗan shekara 6 a tashar mota da roba a hannu, uban da ya turo shi bai san inda yake kwana ba, kuma yana ganin ya sauke nauyi. Gwamnatin tarayya ta buɗe makarantun almajirai na zamani tun daga 2012, aka fara da ta Gagi a Sakkwato, aka kuma kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, amma babu hukumar da za ta iya ɗauke wa uba wajibin ciyarwa da tufatarwa da shari'a ta ɗora masa.

Tarihin boko shi ya fi nuna yadda hangen iyaye yake bin bayan zamani. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, da kuma lokacin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, yawancin iyaye gudun makarantar suke yi, suna tsoron ta raba 'ya'yansu da addini, kuma sanannen abu ne cewa wasu masu sarauta da aka nemi su kawo 'ya'yansu sai suka tura 'ya'yan barori da na talakawa a madadinsu. Tsoron ba na banza ba ne, domin a wurare da yawa boko ta zo ne tare da mishan. Sai dai bayan shekara 30 da ɗoriya waɗanda suka bi ta Katsina, irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa, su ne suka riƙe ragamar Arewa da ta Najeriya, kuma manufar gwamnatin Sardauna ta cike guraben aiki da 'yan Arewa ta sa duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya sami wurin zama. Aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Wanda ya gama jami'a a waɗannan shekaru aiki ne yake jiransa, da gidan gwamnati, da bashin mota, da fansho a ƙarshe. Yaran da suka ga wannan da idonsu su ne iyaye da kakannin yau, shi ya sa har yanzu kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce yaro ya yi karatu ya sami aiki, kuma idan aka ce aiki, to na ofis ake nufi.

Wannan duniyar ta fara rushewa tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira ya rage ɗaukar ma'aikata. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya har babbar cikinsu ta UNTL ta tsaya a 2007, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano su ma da yawa suka yi shiru. A 'yan shekarun nan masu zana jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB sun kai kimanin miliyan 2 a kowace shekara, wanda ya sami gurbi kuma yana iya tarar da yajin aikin malamai irin na 2022 da ya cinye wata 8, idan ya gama ya yi hidimar ƙasa ya dawo gida da takarda, sai a wayi gari an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa boko ba ta da amfani, kamar yadda ake ji a wasu majalisu, domin mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ma yau yana buƙatar karanta saƙon banki a wayarsa. Abin da ya faɗi shi ne darajar takardar shaida ita kaɗai. Iya karatu da rubutu da lissafi kuwa bai taɓa tsada kamar yanzu ba.

(Gajeren hutu)

Masu sauraro, misalin da ya fi kowane bayyana wannan matsala shi ne burin likitanci, wanda kusan babu gidan da ba a taɓa ambata shi ba. Tun zamanin Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na jihar Kaduna yake ɗauke da sunansa, farar rigar likita take da kwarjini a idon jama'a. Amma iyaye ƙalilan ne suke zama su ƙirga matakalar da ke tsakanin furta burin da cikarsa. Dole yaro ya shiga ɓangaren kimiyya tun ajin farko na babbar sakandare, ya fito da sakamako mai kyau a darussa 5 da suka haɗa da Ingilishi da lissafi da ilimin halittu da na sinadarai da fizis, ya ci maki mai yawa cikin 400 na JAMB, ya yi gogayya da dubbai a kan gurabe kaɗan, tunda hukumar likitoci tana ƙayyade adadin da kowace jami'a za ta ɗauka, sannan ya yi shekara 6 yana karatu, shekara 1 ta horo a asibiti, shekara 1 ta hidimar ƙasa. Abin da ake gani a zahiri kuwa shi ne uba ya raka ɗansa shagon cike fom, ya tsaya a bayan mai kwamfuta ya ce a rubuta masa likitanci, alhali bai taɓa tambaya ko makarantar da yaron ya gama tana da ɗakin gwaje-gwaje ko malamin sinadarai ba. Idan sakamako ya fito ba yadda ake so ba, yaro ne yake shan faɗa, a maimaita jarrabawa shekara 2 ko 3, daga ƙarshe ya karɓi kwas ɗin da bai zaɓa ba yana ganin kansa a matsayin wanda ya ba gidansu kunya.

Jihar Kano ta taɓa nuna yadda irin wannan buri yake cika. A 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta tace ɗalibai da jarrabawa, ta tanadi malamai da kayan gwaji da wurin kwana, kuma daga waɗannan makarantu ne likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa suka fito, da yawansu 'ya'yan manoma ne da iyayensu ba su taɓa shiga aji ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne cewa wani burin ba don yaro ake yin sa ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, 'yan ubanci yakan shiga cikin zaɓen karatu, ta yadda idan ɗan ɗakin uwargida ya zama lauya, sai amarya ta ga nata ma dole ya zama wani abu da za a kira da babbar murya a taron biki. Wani uban kuma abin da ya kuɓuce masa a ƙuruciya yake so ɗansa ya kamo masa, wani yana kallon ɗan fari a matsayin fanshonsa da kuma uban ƙannensa, har a ɗora masa ɗawainiyar gida tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Tsammanin ɗa ya kula da iyayensa idan sun tsufa haƙƙi ne da addini da al'ada suka tabbatar, amma gasa da maƙwabta ba ta cikin wannan haƙƙi.

Burin da ake yi wa 'ya mace ya fi na namiji saurin yankewa, domin a gidaje da yawa iyakarsa ɗakin miji. Uwa takan fara tarin kayan ɗaki tun yarinya tana ƙarama, ta zuba adashi, ta sayi kwano da tukunya ta ɓoye a ƙarƙashin gado, kuma sau da yawa farantin tallan da yarinyar take ɗauka shi ne yake biyan kuɗin, kamar yadda Enid Schildkrout ta gani a binciken da ta yi a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970. Uwar ba ƙin 'yarta take yi ba, so take a yi jeren da ba za a raina ta a dangin miji ba, sai dai lokacin tallan shi ne lokacin aji, kuma kwanukan sukan tsufa cikin 'yan shekaru. Abin mamaki shi ne magidancin da ya cire 'yarsa daga makaranta shi ne yake ɓata rai idan ya kai matarsa awon ciki ya tarar namiji ne zai duba ta, bai tsaya ya tambayi kansa daga wane gida ungozoma ko likita mace za ta fito ba. Malaman jihadi ba su ɗauki ilimin mata a matsayin baƙon abu ba: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take horar da mata malamai, waɗanda ake kira jaji, su koma ƙauyuka su karantar da 'yan uwansu mata. Aure da karatu ba kishiyoyi ba ne, kuma gidaje da yawa yau suna sanya ci gaba da karatu a cikin sharuɗɗan da ake tattaunawa kafin a sa rana.

Idan aka koma ga kason iyaye, za a tarar mafi yawansa yana faɗowa ne a shekarun da ba a ma fara maganar jami'a ba. Masana lafiya suna magana a kan kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, a matsayin lokacin da ƙwaƙwalwa take ginuwa da sauri, shi ya sa suke ƙarfafa zuwa awo, da shayar da nono zalla na wata 6, da kammala rigakafi, da ƙara wake ko gyaɗa ko ƙwai a cikin kunun yaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi, kuma tsumburewa ba a jiki kaɗai take tsayawa ba, tana bin yaro har cikin aji. Mataki na biyu shi ne karatu. Bankin Duniya yana auna abin da ya kira talaucin koyo da yawan yaran da suka kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta ba, kuma ƙiyasinsa na 2022 ya nuna kusan 9 cikin 10 ne a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Wannan abu ne da uba zai iya gwadawa a tsakar gidansa bayan sallar isha, ya miƙa wa ɗansa ɗan aji 4 littafin Magana Jari Ce ya ce ya karanta shafi ɗaya ya faɗi abin da ya ji, idan shi uban bai iya boko ba ya sa wan yaron ko maƙwabci ya saurara. Bai kamata a raina karatun Hausa ba, domin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, amma rubuta sunan yaro a rajista daban, tabbatar da cewa ya koya daban.

Saura maganar ra'ayin yaron kansa. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne a sha'anin halin mutane da zaman duniya, inda kwana ya fi wayo. A sha'anin sana'o'in da suka zo jiya kuwa, irin su gyaran waya, haɗa wutar sola, ɗinkin zamani, ko rubuta manhajar kwamfuta, sau da yawa yaron ne ya fi kusa da rimin. Aikin iyaye a nan shi ne lura: wane yaro ne yake kwance rediyo ya mayar, wace yarinya ce take riƙe lissafin cinikin uwarta ba kuskure, wane ne ƙannensa suke kewaye shi idan yana bayani. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Fanteka a Kaduna cike suke da matasan da hannunsu yake ci da su, akwai kwalejojin kimiyya da fasaha, akwai jarrabawar NABTEB ta masu koyon sana'a, kuma tsohuwar ɗabi'ar 'yan kasuwar Kano ta haɗa wa yaro boko da safe, shago da rana, islamiyya da yamma, ta nuna cewa ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Sai dai kai yaro wurin ubangida shi ma yana da ƙa'ida, kuma rashin kiyaye ta ne yake sa a ga saurayi ya shekara 10 a shago yana aike da ɗauko kaya. Uba yana da haƙƙin ya zauna da ubangidan a gaban shaidu tun ranar farko, a yanke shekarun da yaro zai yi, a faɗi abin da za a koya masa, a ware masa lokacin makaranta, a kuma amince da irin sallamar da za a yi masa idan ya gama, ko jari ne, ko kayan aiki, ko bashin haja da zai fara juyawa a rumfarsa.